Ƙwaron da Ba Ya Rubutuwa

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na koma aiki yau. Kowa a ofis ya gaishe ni da wannan muryar ta lallaɓawa, kamar in aka ɗaga ta zan fashe. Na gwammace a zage ni.

Likita ta ce in riƙa rubuta abin da ke raina, in yi kamar ina ba wa baƙo labari a jirgin ƙasa, wanda zai sauka a tasha ta gaba. To, baƙo, ga shi. Sunana Nighat, a Multan ta Pakistan nake. Shekara huɗu ke nan da mu bakwai muka haɗa kai, ba mai biyan kowa, muka ƙera manhajar da ke karanta wa makafi rubutun Urdu a waya. Mamu Inayat, kawuna, yayan Ammi mahaifiyata, shi ya raɗa mata Mithu, sunan da ake kiran aku a kowane gida, wai don tana maimaita abin da ba ta gane ba. Tun daga nan ta zama namiji a bakin kowa.

Sauran shidan gyara suke yi, ni aikina sauraro. Muna da zaure a waya inda makafi sama da ɗari uku ke aiko kokensu da baki. Ni zan saurara, in tsamo kuskuren, wanda muke ce wa ƙwaro, in rubuta wa masu gyara.

Na kunna wayar zauren ɗazu. Saƙo ɗari biyu da sittin da uku ke jirana. Na kashe ta na mayar cikin durowa.

Laraba, 10 ga Yuli, lokacin hutun rana

Mudassar ya aiko mana doguwar takarda daga Dubai. Shi ne ya fi mu iya aikin, kuma ba ya bari a manta. Ya ce babu wani aiki mai mutunci a duniya da ke bin ƙwarinsa ta saƙon murya. Yana so a buɗe allo, wato shafi guda inda kowane ƙwaro zai samu lamba, da sunan mai gyara, da alamar ko an gama. Sannan a rufe zaure.

Shafqat Bhai, wato Yaya Shafqat, wanda ya fara tara mu, ya ce a bar zaure yadda yake, a nemo min mataimaki. Uzma ta ce me zai hana a yi duka biyun. Mudassar ya kafe kai da fata, ya ce muddin zaure na buɗe ba wanda zai taka allo. Za a yi ƙuri'a ranar Lahadi ta sama.

A ƙarshen takardar ya rubuta cewa mako biyar cur ba ƙwaro ɗaya da ya iso wurin masu gyara, saboda mutum ɗaya bai da lafiya. Bai faɗi suna ba. Mai ladabi ne Mudassar, in ya ga dama.

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Alhamis, 11 ga Yuli, safe

Ɗari biyu da tamanin da ɗaya. Ban saurara ba.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Na gwada. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, na zauna a ƙasa na buɗe saƙo mafi tsufa, na Baji Zarina, wato Yaya Zarina, ta Faisalabad, wadda ke amsa waya a wani kamfanin saƙa.

“Nighat 'yata, Allah ya sauke ki lafiya, ya ba ki mai albarka. To Mithu ɗinku ne dai…”

Na tsayar. Na buɗe wani, na wani ɗalibin lauya a Karachi, shi ma da addu'ar ya fara. Na uku ma haka. Na huɗu har suna ta zaɓa min, ɗaya na mace ɗaya na namiji.

Mamu ne ya gaya musu ina da ciki, yana wata na biyar. Na roƙe shi kada ya faɗa, ya ce ai 'yan uwa ne, kuma addu'ar makaho ba ta faɗuwa ƙasa. Yanzu ga addu'o'in nan a jere cikin waya, kowacce da ƙwaronta a bayanta, kuma ba yadda za a yi in kai ga ƙwaron ban bi ta cikin addu'ar ba. Babu wanda ya gaya musu sauran labarin, cewa cikin bai tsaya ba. Na aika Ammi ta hana Mamu faɗa musu. Ni kuma ba zan iya ba.

Ammi ta kwashe ƙananan kayan da ta saƙa ta kai gidanta, tana ganin ban lura ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, ƙarfe uku

Na je gaida Mamu a cikin tsohon gari. Shekara talatin yana koyar da Urdu kafin ciwon sukari ya cinye masa ido, kuma har yau yana magana kamar akwai aji a gabansa. Na same shi da mangwaro a hannu, wanda likita ya hana shi. Ya ce ba sha yake ba, shinshinawa yake, alhali ga ƙwallo biyu a faranti.

Labarin allo ya riga ni zuwa. Ya sa na ɗauko biro, ya ce in rubuta haruffa biyu, sin da ra. Na rubuta. Ya ce in karanta masa. Na ce ai ya danganta, in sar ne kai ke nan, in sur ne karin waƙa, in sir ne sirri. Ya buga cinya. Ya ce jiya Mithu ya karanta masa jarida, wai wani mai babur ya faɗi ya ji rauni a karin waƙarsa.

“To gaya min, 'yar boko, me zan rubuta wa Mudassar ɗin naku? Mithu yana karanta sin da ra a matsayin sin da ra? Tunda ba ma sa wasali, daidai da kuskure a takarda kamarsu ɗaya. Ƙwaron Mithu ba ya rubutuwa, sai dai a ji shi.”

Na yi dariya, karo na farko cikin mako shida, kuma na ji haushin kaina da na yi. Ya ci gaba, ya ce shi bai damu da ƙuri'ar ba. Ya ce su Zarina sun kira shi hankalinsu a tashe, ya gaya musu su kwantar da shi, tunda Nighat na cikin masu zaɓe.

Bai tambaye ni jikina ba. Na san kunya yake ji, na san yana ganin laifinsa. Sanin bai rage min komai ba. Ina son Mamu fiye da kowa in ka cire Ammi, kuma duk zaman nan ji nake kamar in fasa farantin a bango.

Talata, 16 ga Yuli, bayan magariba

Mudassar ya nuna mana allon ta bidiyo. Gaskiya yana da kyau. Komai a layi, kore da ja, ba gaisuwa, ba tambayar lafiyar gwiwa, ba farashin tumatir. Na daɗe ina kallonsa kamar mai kallon ɗakin da aka share.

Na kawo maganar sin da ra, saboda na san Mamu zai tambaye ni. Mudassar ya ce, “Baji, su sa wasali mana.” Shafqat Bhai ya tambaye shi yaushe rabonsa da sa wasali, ya ce tun aji biyu na firamare, aka yi dariya. Ya ce to su rubuta da haruffan Turawa. Uzma ta ce rabin 'yan zaure ba su san su ba. Ya ce ai allon yana karɓar murya, in ba ta wuce minti ɗaya ba, bayan mutum ya yi rajista. Minti ɗaya. Mamu bai gama tambayar lafiyar Ammi ba a minti ɗaya.

Kashif, ɗaya daga cikin masu gyara, ya lura cewa kafin rajista sai shafin ya nuno hotuna tara, ya ce a zaɓi masu keke, don ya tabbatar mutum ne ba inji ba. Mudassar ya ce wannan za a cire daga baya.

Sannan ya yi tambayar da yake ajiye. Ya ce in an bar zaure, wa zai saurara? Masu son zaure kowa ya duƙufa yana kallon hoton kansa. Can Shafqat Bhai ya ce ai Nighat ce kunnenmu, kuma ta dawo, alhamdu lillahi. Maganar mataimaki ba wanda ya sake tayar da ita.

Na ce alhamdu lillahi.

Laraba, 17 ga Yuli, safe

Ɗari uku da huɗu. Ban saurara ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Tauƙir ya ga wayar a durowa yana neman caja. Mijina ba ya shiga harkar Mithu, ya ce aikin da ba albashi ba hutu sai 'yan gidanmu. Amma yau ya ce in ba shi, shi zai saurara ya rubuta min. Ya shiga ɗaki da takarda ya rufe ƙofa.

Minti ashirin ya yi. Ya fito idonsa ja, takardar fara fat.

“Dukkansu haka suke farawa?”

Na ce dukkansu. Ya mayar da wayar inda ya ɗauko ta, ya tafi sayo madara, alhali akwai madara.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan azahar

Shafqat Bhai ya kira yana lissafa kawuna. Mudassar yana da Junaid da Tanwir. Mu kuma, in ji shi, akwai shi, da Uzma, da Kashif, da ni, huɗu ke nan, magana ta ƙare. Ya ce gobe bayan taro zai aiko min halwa, alewarmu, daga Lahore, na ce halwar Lahore ai cin mutunci ce ga ɗan Multan, ya yi dariya sosai.

Ya ce, “Muna tare dai ko?” Na ce in sha Allahu.

Na yi ta juya abin duk yini. In aka bar zaure, wayar nan tawa ce har in mutu. Sai na bi ta cikin ɗari ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ko kuma in danna in yi musu bayani da bakina, sannan in zauna in karɓi ɗari uku na jaje. Ban san wanne ya fi ba. Na gaji. Ba gajiyar da barci ke warkarwa ba.

Lahadi, 21 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi

An yi ƙuri'a. Huɗu da uku. Za a rufe zaure ranar Juma'a.

Litinin, 22 ga Yuli, safe

Shafqat Bhai ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Mudassar ya aiko min hoton fure.

Na yi barci jiya, irin wanda rabona da shi tun kafin asibiti. Ina jin kunyar daɗin da na ji.

Laraba, 24 ga Yuli, lokacin hutun rana

Uzma ta rubuto min layi ɗaya, ta ce da na gaya mata na gaji da ta karɓa. Ƙarya take yi. Tana wurin ranar Talata, na ga yadda ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Amma ban amsa mata ba, don ni ma ban da bakin magana.

Mamu kullum yakan kira ni bayan la'asar, ko da don ya gaya min Mithu ya sake kwafsawa. Tun Lahadi bai kira ba. Wataƙila bai ji ba tukuna. Wataƙila ya ji adadin kawai.

Juma'a, 26 ga Yuli, ƙarfe huɗu

An rufe. Kafin a rufe Mudassar ya liƙa sanarwa a rubuce, yadda ake rajista mataki-mataki, da godiya ga kowa. A ƙasa ya sa sakamakon ƙuri'a da sunaye, wai a buɗaɗɗen aiki ba a ɓoye komai. Na ce masa ya cire sunayen, ya ce ƙa'idar Shafqat Bhai ce tun farko, ba tasa ba. Wannan ma gaskiya ne. Na tsani yadda yaron nan kullum yake da gaskiya.

Ya tambaye ni yadda za a yi da tsofaffin saƙonnin. Na ce zan duba su. Ya ce ba gaggawa.

Mamu ba ya bin dogon rubutu a zaure, murya yake bi. Haka nake ta gaya wa kaina tun rana.

Lahadi, 28 ga Yuli, safe

Bai kira ba.

Talata, 30 ga Yuli, bayan magariba

Taron farko da allo. Ƙwari goma sha huɗu, kowanne da lambarsa. Mudassar sai washe baki yake, wai a da koke arba'in ake samu a mako, yanzu komai ya daidaita. Na duba sunayen masu kawowa. Mudassar, Junaid, Tanwir, Mudassar, Kashif, Mudassar. Duka mu ne, duka da Turanci, uku daga ciki a kan launin maɓalli ne. Launi, a manhajar makafi.

Shafqat Bhai bai shigo taron ba. Na tambayi zancen hotunan keke, aka ce an ba shi lamba, yana layi. Lamba goma sha ɗaya, kuma an yi masa alamar ba gaggawa.

Alhamis, 1 ga Agusta, ƙarfe biyu

Baji Zarina ta samo lambata ta kaina, ban san wurin wa ba. Ta ce yini guda ta yi tana fama da shafin. Ta wuce suna, ta wuce kalmar sirri, sai ya ce ta nuna keke.

“'Yata, ni rabona da ganin keke tun ina shekara shida. Ko sun canza kama ma ban sani ba.”

Tana dariya take faɗa. Ta ce ba don kanta ta damu ba, akwai sunan wani magani da Mithu ke karantawa ba daidai ba, ta aiko tun watan jiya, ko na ji? Na ce ina kan bi. Ta ce ba komai, ta san halin da nake ciki. Na ɗauka Mamu ya faɗa. Sai ta ce, “Yaya nauyin jiki? Ai an kusa ko?”

Na ce lafiya lau.

Na shiga banɗakin ofis na buɗe famfo don kada a ji ni.

Juma'a, 2 ga Agusta, bayan la'asar

Kwana goma sha biyu bai kira ba. Na tambayi Ammi, ta ce lafiyarsa ƙalau, sai dai ya ajiye waya ya koma rediyo. Ta ce ya tambaye ta ko ina cin abinci. Ta kalle ni ta ce ko mun yi faɗa ne, na ce faɗan me.

Na yi tunanin in buɗe wani zauren da kaina, ba da sunan aiki ba. Na ɗauko wayar har na kunna. Ɗari uku da arba'in da bakwai, kuma ba zai ƙaru ba. Ban saurara ba.

Lahadi, 4 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Na je da safe. Na shirya abin da zan faɗa tun a hanya, na maimaita shi a cikin keke napep har mai keken ya waiwayo. Zan ce masa ba allon na zaɓa ba. Zan ce masa shi ya fara. Zan ce ya yafe min.

Ya gane takuna tun daga tsakar gida. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa ta baƙi, wadda ban taɓa zama a kanta ba, ya dafa min shayi da kansa bai bar ni na taɓa tukunya ba. Ya tambayi Tauƙir, ya tambayi ofis, ya tambayi ko ana ɗauke mana wuta kamar nan. Ba zolaya ko ɗaya. Wayarsa na kan taga a kife. Duk abin da na shirya ya gudu.

Sai da na kai rabin kofi ya ce ya saurari sanarwarmu, har ƙasa.

“Mithu ya yi halinsa. Ya mayar da Mudassar Madsar, Junaid ya koma Janid, Tanwir kuwa ban ma gane abin da ya kira shi ba. Ina ta dariya ni kaɗai. Da ya zo kan na huɗu sai ya ce Nighat, tiryan-tiryan, kamar Amminki ce ta kira ki.”

Na ce, Mamu. Ya ɗaga hannu.

“Sau uku na sa ya maimaita. Na ce a'a, wannan ƙwaro ne, bari in aika wa Nighat ta duba. Har na danna.” Ya shafa gefen kofinsa. “Sai na tuna ba inda zan aika.”

Ya jira, ya daɗe yana jira, fuskarsa a wajena. Da ya ji shiru ya yi yawa sai ya tambaye ni ko sukarin ya ji, na ce ya ji.